Akwatin Yohanna na Ƙarshe a Kan Maɗaci

Shekara tara ke nan da rasuwar Yohanna, autana a cikin 'ya'ya huɗu. Duk shekara idan wannan wata ya kama, abin da nake yi bai wuce in je sujada da safe, in dawo in dafa dambun da yake so, in raba wa maƙwabta, in zauna shiru har yamma. Bana zaman ya ƙi yiwuwa. In na zauna sai in tashi, in na tashi sai in rasa abin da na tashi yi. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na yi shi, saboda haka ku yi haƙuri idan maganar ta zo kamar ta baka.

Da yawa daga mutanen Samaru ba su san sunansa ba, amma sun san aikinsa. Idan a shekarun baya kun taɓa ɗaga kai a bakin titi, kuka ga ɗan akwatin katako mai rufin kwano da rami ɗaya a gaba, rataye a jikin maɗaci ko darbejiya, to nasa ne. Gidan tsuntsaye yake yi.

Da ciwon sikila aka haife shi. Tun yana ƙarami, idan ciwon ya tashi ya kwantar da shi, a gindin mangwaron tsakar gida nake shimfiɗa masa tabarma, don ɗaki yana ƙuntata masa. Yaron da ba ya iya gudu da sa'o'insa, sai ya koyi kallon sama. Ya san wace tsuntsuwa ce ke zuwa da hantsi, wace ce ke jiran la'asar. Da ya girma ya koyi kafinta a Sabon Gari, wajen PZ, a shagon wani Ibo mai sayar da katako, Oga Emeka. Guntayen katakon da ake zubarwa shi yake tattarawa a buhu, ya ɗauro a bayan keke tun daga can, ya biyo ta Hanwa, ya iso gida yana haki, ni kuma ina faɗa. Oga Emeka yakan tsokane shi da cewa shi dai bai taɓa ganin mai gidan haya irin Yohanna ba, kullum gini, ba ranar karɓar haya.

Na taɓa tambayarsa, tsuntsun da Allah ya koya wa saƙa, me zai yi da kafinta? Ya ce, "Mama, ai ba kowane tsuntsu ke saƙa sheƙa ba. Wasu kogo suke nema, kuma sai tsohon itace ke da kogo. Duba ki gani, tsofaffin nawa suka rage?" Gaskiyarsa. A lokacin ana ta sare manyan itatuwa, wasu don girki, wasu don a gina ɗakunan haya na ɗalibai.

Bai nemi izinin kowa ba. Na gaya masa itacen bakin titi na gwamnati ne, kada ya jawo mana magana. Ya yi dariya ya ce duk ranar da gwamnati ta zo, zai kai ta ta gaisa da masu hayar. Gwamnati ba ta zo ba har ya rasu.

Akwai abin da ya kamata in bayyana wa yaran yanzu, don sai da shi za a gane sauran labarin. A ƙauyenmu mahaifina mai zuma ne. Amya, wato irin kwandon nan da ƙudan zuma ke shiga su zauna, yake ratayawa a kan itacen ɗorawa. Duk itacen da aka ga amyar wani a kai, ba mai hawansa, ba mai sa masa gatari, ko da ba a gonar mai amyar yake ba. Idan kuma mai ita ya mutu, tana nan a wurin har sai magadansa sun zo sun sauke da hannunsu. Ba doka ba ce da aka rubuta, kowa dai ya tashi ya tarar da ita. Samaru gari ne, amma in ka tona yawancinmu 'yan ƙauye ne. Da mutane suka ga akwatunan Yohanna, sai suka ɗauke su kamar amya. Masu saran itacen girki sukan tsallake duk wanda ke da akwati. Masu ɓare ɓawon maɗaci don magani ma sukan matsa gaba. Shi kansa ya lura da haka, kuma ina jin ya ƙara himma saboda shi, ko da yake bai taɓa faɗa mini ba.

Bayan ya rasu, girmamawar ta ƙaru. Ba wanda ya taɓa ko ɗaya. Ni ma na ji daɗin hakan, ina cewa a raina, ga shi ba ya nan amma ana jin kunyarsa. Ruwa da rana da gara suka riƙa cinye su ɗaya bayan ɗaya, wasu suka tafi tare da itatuwansu lokacin da aka faɗaɗa hanya. Har ya rage saura guda, a kan wani babban maɗaci, a reshen da ya miƙe bisa rumfar Malam Idi mai facin taya. Wannan da katako mai ƙarfi ya yi shi. Duk sanda zan je kasuwa ta nan nake bi, ko da ba hanyata ba ce.

Bana, dab da faɗuwar damina, sai ga Malam Idi a ƙofar gidana tare da wata matashiya. Ya ce sunanta Malama Binta, daga ofishin masu kula da itatuwan bakin hanya take. Ta zo da ma'aikatanta za su sauke akwatin, shi kuma ya tare gindin itacen ya ce ba mai hawa, mai akwatin yana da uwa, kuma tana da rai. Ba ta yi gardama da shi ba, ta ce a kawo ta wurina.

Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta yi mini ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Sannan ta bayyana mini ƙa'idar da suke bi yanzu. Ba a rataya komai a itacen da ke filin jama'a sai an nemi izini. Ba ƙusa, ba waya. Ba a sa shi bisa inda mutane ke zama. Kuma dole a sami mutum mai rai da za a san shi ne ke kula da abin. Wannan kalma ta "mai rai" ta soke ni, ko da yake na san ba da niyya ta faɗa ba. Na kawo mata ruwa, na saurare ta har ta gama. Mutane suna cewa ina da haƙuri. Sau da yawa ba haƙuri ba ne, baki ne ke yi mini nauyi.

Da na samu bakin ya buɗe, na tambaye ta hotunan 'yan siyasa da allunan tallar makarantu da ake bugawa da ƙusa a kowane itace daga Samaru har Sabon Gari, su an je gidan iyayensu? Ba ta ɓoye ba, ta ce suna cirewa, washegari a mayar, abin ya fi ƙarfinsu. Amma ta roƙe ni in zo in ga wani abu da idona.

Muka je. Ta nuna mini reshen, ta ce in dubi inda aka ɗaure akwatin. Na duba ban ga waya ba. Ta ce ai shi ne abin da take so in gani. Wayar tana nan, itacen ne ya yi ƙiba ya haɗiye ta, ta shaƙe reshen kamar zoben da ya matse yatsa. Sai a lokacin na lura gefen ya kumbura, ganyen da ke gaba da wurin ya yi tsiraru, wasu ƙananan rassan sun bushe ƙayau. Shekara da shekaru ina wucewa ina ɗaga kai, akwatin kawai nake gani.

Ta tambaya ko akwai mai zuwa ya sassauta wayar lokaci-lokaci. Malam Idi ya dafa kai. Ya ce duk shekara da sanyi Yohanna kan zo ya ari filayarsa, ya hau, ya ɗan jima, ya sauko, ya wuce itace na gaba. Shi duk zatonsa ƙwai yake dubawa. Ni kuwa abin da na sani game da wannan hawa shi ne faɗan da nake yi masa, don sanyi ne ke tayar masa da ciwo. Ashe rabin aikin ke nan. Rataya akwati kwana ɗaya ne, sassauta shi kuwa na kowace shekara ne. Mu duka muka tsare masa akwatinsa kamar amya, ba mai taɓawa, muna ganin mutunci muke yi masa, itacen kuwa yana shaƙewa a kanmu.

Malama Binta ta ce wayar ba ta ciruwa yanzu, dole reshen ya tafi, in ba haka ba wata iska za ta sauke shi a kan rumfar. Ta ce tana da ikon sa a yi ba tare da ni ba, amma ba ta so, ta fi son ya fito daga bakina. Na ce ta ba ni lokaci. Ta dawo, na ce ban gama shawara da yayyensa ba. Ta sake dawowa, na ce ba ni da lafiya. Ba ƙarya ba ce ƙwarai, amma ba gaskiya ba ce duka.

Muna cikin wannan jan ƙafa ruwa ya sauka, sai Malam Idi ya aiko mini cewa an yi baƙi. Na je na tarar an liƙe ramin akwatin da laka, saura 'yar tsaga kamar ta asusu. Cilakowa ce. Ga wanda bai sani ba, haka take yi: macen ta shiga kogo, a toshe ƙofar da laka, ta zauna a ciki ta yi ƙwai ta ƙyanƙyashe, namijin yana kawo mata abinci ta tsagar. Na tsaya na ga namijin ya zo da fara a dogon bakinsa, ya miƙa, ya tashi. Ba zan ɓoye ba, na yi murna irin ta wanda aka ɗage wa shari'a.

Malama Binta ta zo ta gani, ta yi ajiyar zuciya, ta ce ba za ta sa a sare reshe da uwa a rufe a ciki ba. Za a jira. Amma ta roƙi Malam Idi ya matsar da rumfarsa kafin nan. Ya ƙi. Ya ce masu babur da masu keke nan suka san shi, in ya matsa wani zai zauna a wurin kafin azahar. Na sa baki ni ma, ya dube ni ya ce, "Maman Yohanna, ni a nan abincina yake. Ke dai ki ce wa 'yan hayarku su yi sauri."

Daga ranar murnata ta ƙare. Duk sanda hadari ya haɗu da la'asar, iska ta fara kaɗa kwanon rufina, sai in ji zuciyata ta bar gida ta koma gindin maɗacin. In ina tankaɗe sai in ajiye, in ɗauki mayafi, in fito ƙofa, in koma. Mutum mai iyali yana zaune ƙarƙashin reshen da ni na hana a sare tun kafin tsuntsuwa ta shiga. Da na amsa tun zuwan farko, da cilakowar ta nemi wani wuri, ba wanda ya shiga haɗari. Addu'ata ta rabu biyu, ina roƙon Ubangiji ya riƙe reshen, kuma can ƙasan raina ba na so ƙwan ya yi saurin ƙyanƙyashewa.

A kwanakin nan na yi ta tambayar kaina abin da Yohanna zai ce da yana nan. Maganar neman izini, na san dariya zai yi, ya ce tsuntsun ma sai ya je ofis? Samarun yau kuwa da ta ɓata masa rai. Inda ya san gonaki yanzu benaye ne na haya, mangwaron tsakar gidanmu ma mun sare shi da saiwarsa ta fara fasa bango. Da ya ga itatuwan bakin titi cike da ƙusoshi, ina jin da sai ya ce a ƙara tsananta ƙa'idar. Amma da an kai shi gindin maɗacin an nuna masa kumburin nan, ba zai yi gardama ba. Na san ɗana. Kunya za ta kama shi, ya nemi tsani a ranar. Bai taɓa ɗaukar akwatunan a matsayin wani abin tunawa da shi ba, kayan aiki ne, in ya ruɓe a yi wani. Ni ce na mayar da wancan akwatin kabari na biyu, na rataye shi bisa kan mutane.

Wata safiya na tarar lakar ta fashe, uwar tana waje tana karkaɗe jiki, duk ta yi fari-fari. Na ce to, an gama. Malam Idi ya ce in ƙara dubawa. 'Ya'yan suna ciki, kuma da kansu suke sake liƙe ramin daga ciki. Ya ce haka ya ga suna yi a shekarun baya: in wuri ya yi musu kaɗan uwar ce ke fara fita, ta shiga taya uban kawo abinci, yaran su tsare ƙofarsu har fiffike ya yi ƙwari. Na daɗe a tsaye ina kallo. Uwa ta fara fita, ta bar yara a baya da ƙarfinsu. Haka nake ganin ya kamata abu ya tafi. Na dawo gida ranar ban iya cin abinci ba.

Reshen ya jure, ban san yadda aka yi ba. An yi iska ɗaya da ta karya wani busasshen ƙaramin reshe, ya huda ledar rumfar, ya faɗi kusa da baron ruwan facin. Malam Idi ya ɗauke shi ya ce ya samu na dafa shayi. Ni ban yi dariya ba.

Ranar da ya aiko cewa na ƙarshe cikin 'ya'yan cilakowar ya tashi, ban jira a zo nemana ba. Na shiga mota na je ofishin da ƙafata, na ce wa Malama Binta su zo su sare.

Ina tsaye aka yi. Suka ɗaura wa akwatin igiya suka zuro shi a hankali, amma yana taɓa ƙasa bayansa ya ruguje, gara ta gama da shi tuntuni, ban san me ke riƙe da shi ba. Katakon gaba kaɗai ya rage da ƙwarinsa, mai ramin, gefensa duk ya yi santsi saboda shiga da fita. Da aka yanka reshen daidai kumburin, ga wayar can a tsakiyar naman itacen, ta yi baƙi. Wani daga cikin ma'aikatan ya tambaya ko zan so guntun. Na ce a'a. Katakon gaban na ɗauka, na naɗe a mayafina.

Da farko niyyata in ajiye shi a ɗaki kusa da hotonsa. Ya kwana biyu a nan, ina dubansa ina jin ba daidai ba. Sai na ɗauke shi na tafi Sabon Gari wurin Oga Emeka. Ya tsufa, furfura ta cika masa kai, rabona da shi tun jana'iza. Na buɗe mayafin na miƙa masa katakon. Ya karɓa, ya zura yatsa ya zagaya ramin, ya juya baya ya yi kamar yana neman wani abu a kan benci. Da ya juyo ya ce in bar masa shi, zai fitar da sabo daidai wannan ramin, ba ƙari ba ragi, don shi bai san ma'aunin tsuntsu ba, mai shi ne ya sani.

Saura maganar mai kula. Yayyensa duk suna nesa, ta Kaduna ma cewa ta yi in bar abin ya wuce haka, na wahala, ya isa. Malam Idi ya ce shi da sunansa ba sa shiga ofis, amma ya yanko mini tsohon tif na taya, ya ce a ɗaura da shi, roba tana bin itace in ya yi ƙiba. Sai na koma wurin Malama Binta na ce ta sa sunana. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Mama, za ki iya hawa?" Na ce, "Ba zan iya ba, 'yata. Amma na iya zuwa in zauna a bencin nan har sai kin gaji da ganina kin tura mai hawa." Ta yi dariya ta ce ta yarda, ta riga ta ga irin nacina.

Ba su bari a rataya sabon akwatin kan maɗacin ba, saboda rumfar. Sun zaɓi wata darbejiya can baya da titi, inda ba mai zama. Ba nan Yohanna ya zaɓa ba, kuma ba hannunsa ya yi wannan ba. Idan na auna abin da ya rage nasa a garin nan bayan shekara tara, ba shi da yawa. Akwai itatuwan da gatari ya tsallake saboda shi, suna nan tsaye, masu shan inuwarsu ba su san dalili ba. Akwai guda da ya rasa reshe saboda shi da mu. Sai faɗin rami ɗaya, da aikin da ya bar mini ban sani ba, wanda zan riƙa tunawa duk shekara da sanyi muddin ƙafata tana kai ni ofis. Wanda zai karɓa bayana, ban san shi ba tukuna, kuma wannan ma yana cikin abin da ke hana ni zama.

Kullum da safe nakan je gindin darbejiyar in ɗaga kai. Har yau ba tsuntsun da ya shiga. Malama Binta ta ce in yi haƙuri, wani lokaci sai damina ta zagayo, wani lokaci ma ba sa zuwa sam. Jiya na ga motsi a bakin ramin, na matsa kusa ina kare rana da hannu. Ƙadangare ne. Ya leƙo ya gyaɗa mini kai, ya koma ciki. Na bar shi, gobe zan sake dubawa.